Sungumi a Hannuna, Ƙwarya a Naka

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙan masu tsoro.

Daga Hansai, a gidanka na Karare, zuwa ga maigidana, uban Sada, a rugar Yero da ke kan hanyar Tsaskiya.

Ya gawona mai inuwa a lokacin da sauran itatuwa suka tuɓe! Ya ruwan randata mai sanyi, ya ƙamshin ƙasa ranar ruwan fari! Ya zumar kogon itace, wadda ba ta samuwa sai an jure harbi! Ina gaishe ka gaisuwar da ta fi ƙarfin bakina. Ina kwananka, ina gajiyarka? Yaya kafaɗar nan taka, tana yi maka tsami da wannan hadari da ke haɗuwa yana watsewa? Kana cin abinci kuwa? Wa ke dama maka fura yadda kake so, da kauri, ba yaji da yawa? Ka gaishe mini da Yero, Allah Ya saka masa da alheri da ya ba ka wurin shimfiɗa buzu.

Kada gabanka ya faɗi don ganin takarda. Ba wanda ya mutu. Ba kuma wani malami na zauna a gabansa na zazzage masa cikina ya rubuta ba. Hannuna ne, wannan da ka sani, mai kantar taɓarya. Lokacin da kake ribaɗi, can garin tsaro na bakin iyaka, kuna tare wa ƙasa maharan Maraɗi, nakan je wurin Inna Bara'atu, tsohuwar nan da ke koya wa mata karatu a bayan masallaci. Ka san ina zuwa, amma ka ɗauka surorin salla kawai nake ɗauka. Na zauna cikin 'yan matan da na isa haifa, suna dariyar yadda nake riƙe alƙalami kamar muciya. Na jure saboda abu ɗaya, sunanka. Bakina bai taɓa faɗinsa ba, kunya ba ta bari ba, ba kuma za ta bari ba. Ranar da na iya jera baƙaƙensa a allo, na wanke na shanye, na ce to, ko bai dawo ba ya shiga jikina. Yau ga shi karatun ya yi mini rana. Fanta matar Yero za ta sa wannan takarda ƙarƙashin faifan ƙwaryar nononta ta kawo maka. Ka karanta a hankali, don a hankali aka rubuta ta.

Tsoro nake ji, maigida. Bari in fara da shi, tunda shi ya tashe ni neman tawada. Jiya Fanta ta sauke ƙwarya a ƙofar ɗakina, na shimfiɗa mata tabarma ta ƙi zama. Ta ce, "Hansai, ni dai da kunnena na ji. Mijinki ya ce wa Yero da zarar wata ya tsaya zai bi 'yan baka su koma ribaɗi. Wai can ne wurin irinsa." Na ce, "Ya tambayi yaron?" Ta ce, "Bai tambaya ba. Amma duk sanda na dawo daga Karare sai ya zuba wa bakina ido, har sai na ce kowa lafiya, sannan ya tashi ya shige cikin shanu." Wayyo ni! Wata kuwa ya tsufa, kullum ƙara sirancewa yake kamar ana kankare shi da wuƙa. Can ne wurin irinka? Wurin da ya karɓe ka da dariya a baki, ya maido mini da kai kana firgita da inuwarka? Na san duk mutumin da ya koma can da irin zuciyar da kake ɗauke da ita yanzu, ba tsaron ƙasa ya je yi ba. Kibiyar da za ta hutar da shi ya je nema. Wannan nake tsoro, ya hasken idona.

To ji abin da ka kasa tambaya. Sada lafiyarsa lau. Ko ƙwarzane babu a jikinsa. Na tuɓe shi a rana na duba shi tun daga maɗiga har tafin ƙafa, na sake dubawa, uwarka ma ta karɓa ta duba. Haƙori ya ɓullo masa, yana cizona yana dariya, dariyar nan taka ta gefen baki. Hannuna na hagu wanzami ya wanke ya ɗaure, ya kame, har daka nake yi da shi. Babbar ɗiyarmu, wadda kake kira Turai, ta daina tambayarka da baki. Sai dai kowace safiya ta share wurin zamanka na jikin bango, ta kori kaji daga wurin.

Ka tuna shukarmu ta fari? Ina amarya, lallen ƙafata bai gama gogewa ba. Ruwa ya sauka, gari ya waye da sanyi, shamuwa na ta kai-kawo a kan kukar bakin gari. Ka saɓa sungumi ka shiga gaba kana sara, ni ina biye da ƙwaryar iri, ina jefa gero a rami ina turbuɗewa da diddige, kamar yadda kowace mace a ƙasar nan ke bin mijinta ran shuka. Jerin farko muka yi shi shiru, don uwarka ta ja mini kunne cewa a gidanku daga bisimilla ba a sake magana sai an kai ƙarshen gona, saboda albarkar iri. Da muka shiga na biyu sai ka riƙa karkata saran da gangan, kana lanƙwasa kamar maciji, don ka ga ko zan bi. Na bi. Na ce, "Maigida, in gonar nan ta fito za a ce makaho ya shuka ta." Ba ka ko waiwayo ba, ka ce, "Su ce. Ni dai muddin ina jin takunki a bayana, ko rami na nufa hanya ce." Gero ya fito a karkace, Mati maƙwabcinmu ya yi ta yi mana dariya har kaka, amma rumbu ya cika har muka rasa wurin zuba wake. Ya Allah, wace irin safiya ce wannan! Ƙasa tana shiga tsakanin yatsun ƙafata, gumi yana gangarowa a tsakiyar bayanka, ni kuwa ina kallon wannan baya ina cewa a raina, nan ne garina, nan ne ganuwata, ba ni da wata ƙofa da zan nema.

Sai aka yi shela kowane gari ya ba da maza, aka ɗauke ka don an san hannunka a baka. Daminun da ka yi a ribaɗi ban san su ba sai a bakin fatake. An kai hari, an kore su, an ƙone ƙauye kaza, an kwashe mutanen wuri kaza. Kai kana kan ganuwa kana duban arewa, ni ina bakin turmi ina duban hanya. Duk ƙurar da ta taso sai in ce kai ne, duk wanda ya yi sallama da murya ƙasa-ƙasa sai in ce ta'aziyya ya kawo. Na bi sawun tsohon kawunka a gona, wanda saransa bai kai zurfin yatsa ba, muka ci abin da Allah Ya ba mu. Ban yi kuka a gaban kowa ba. Allo na yi wa.

Da ka dawo, da tabo a kafaɗa kamar an tsaga kabewa, na yi guɗa har muryata ta dishe. Na ce shi ke nan, an gama. Ashe jikinka ne ya riga isowa, sauranka yana hanya. Na ga abubuwa ban iya karanta su ba, ni da nake jin na koyi karatu! Ka daina zama a tsakar gida sai ka jingina da bango. A masallaci, kai da kake sahun gaba tun kana saurayi, ka koma sahun ƙarshe, har liman ya tare ka da nasiha a kan lada. In jaki ya biyo ka a hanya sai ka ratse ka tsaya ya wuce. In za mu Yasore gaishe da iyayena sai ka ce in shiga gaba, mata a bakin rijiya suna ƙyaƙyatawa, suna cewa, "Hansai, yau ke ce jagora? A ina kika samo maganin, ki sam mana!" Nakan sunkuyar da kai, amma a raina har daɗi nake ji, na ɗauka kallona kake son yi. Bara da ruwan shuka ya sauka ina da cikin Sada, ka ce in zauna gida. Ka sara kai kaɗai, ka dawo ka jefa iri kai kaɗai, aikin mutum biyu. Na ce tausayina kake ji. Na yarda akwai tausayin, amma ba shi kaɗai ba ne.

Sai bana. Ruwan fari ya sauka, ka fita da sassafe ba ka ce in zo ba. Na ce a raina, bana kam ba zan bar shi da aikin biyu ba. Na goya Sada, na ɗauki ƙwaryar iri, na bi ka. Na iske ka ka yi nisa a jerin farko. Ban yi sallama ba, don jerin farko ne, ba a magana. Na shiga sawunka, ƙafa ba takalmi, ƙasa a jiƙe ba ta ƙara. Ina jefawa ina turbuɗewa, ina matsowa, ina murmushi ni kaɗai, ina jiran in zo kusa ka ji takun nan da ka ce kana so.

Ka ji shi.

Ban ga juyowarka ba. Walƙiyar ƙarfe na gani. Ƙwarya ta dare biyu a hannuna, gero ya watsu sama kamar ƙanƙara, bakin sungumi ya zarce ya yanki damtsena, ya tsaga gefen majanyi, daidai inda ƙafar Sada ke leƙowa. Faɗin yatsa ya rage, uban Sada, faɗin yatsa! Amma in na rufe ido ba ƙarfen ke dawo mini ba. Fuskarka ce. Idanun da suka dube ni ba su san ni ba, ba su taɓa cin tuwona ba, ba su taɓa ganin lallena ba. Sai yaron ya tsala kuka, sai na ga ka dawo cikin idanunka kamar mai fitowa daga rijiya. Ka dubi jini, ka dubi majanyi, ka saki sungumi. Ka ce, "Ke ce? Ke ce?" Na ce, "Ni ce, ba komai, duba, ba abin da ya same shi." Ka ce, "Kada ki matso." Ka riƙa ja da baya kana fuskantarmu har ka kai bakin daji, itatuwa suka rufe ka. Rabona da kai ke nan.

Abin da ba ka taɓa gaya mini ba, Yero ya gaya wa Fanta, tunda tare kuka yi zaman ribaɗi, ita kuma ta ga halin da nake ciki ta kasa riƙewa. Kada ka yi fushi da su. Ta ce wata rana da hantsi kuna dawowa daga leƙen hanya ta cikin dajin Rugu, a wata siririyar turba da ba ta ɗaukar mutum biyu a jere, kai a gaba, amininka Armaya'u a baya. An hana ku magana a turba. Kana jin takunsa, hankalinka a kwance, kuka yi tafiya mai nisa a haka. Da ƙishi ya kama ka, ka miƙa hannu baya ya ba ka gora, ka ji shiru, ka waiwaya, sai ga baƙuwar fuska da takobi. Armaya'u tuni an kwantar da shi can baya ba ko tari. Wanda ya kashe shi ya shiga sawunsa yana taka inda yake takawa, yana so ka kai shi inda sauranku suke. Ka tsira da wannan tabo, ka dawo kai kaɗai. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ashe abin da na zo na yi maka ke nan sak, shiru, ba sallama, ina taka inda ka taka. Ban ce laifina ne ba, don abin da aka koya mini na yi. Ban kuma ce naka ne ba, don abin da daji ya koya maka ka yi. Me ya sa ka ɗauki wannan kaya kai kaɗai, ya ran raina? Ni da na ɗauki cikin 'ya'yanka, zan kasa ɗaukar labari ɗaya?

Gari ya ɗauka, ka san Karare. Uwarka ta ce iska ce ka kwaso a daji, kullum tana turara ɗakinka har ido na yaji. Mati ya leƙo ta kan danga ya ce, "Uwar Sada, in ya dawo ki ɗaura ƙararrawa a ƙafa, ya riƙa jin ki tun daga nesa." Na ce, "Baba Mati, da kai aka tura ribaɗi, da tun a Batsari za ka juyo ka ce ka manta hularka." Ya yi dariya ya sauka, da yamma kuma ya aiko mana da kuɓewa busasshiya. Ba mugu ba ne, baki ne da shi. Ka ga inda tsoro ya kai ni, har na zauna ina tunanin ƙararrawar nan da gaske. Sai na ga ko da ita, ni dai ina bayanka, ƙarfe kuma yana hannunka. Wanda ya fi tayar mini da hankali yayana Sahabi ne. Ya zo daga Yasore ko ruwa bai sha ba, ya ce, "Tattara yaran mu tafi. Yau ƙwarya, gobe kan wa?" Na ce, "Yaya, ka yi mini haƙuri zuwa tsayuwar wata." Ya ce, "Ba ki ba ni amsa ba." Ban ba shi ba kuwa, domin tambayar tasa tana nan a ƙirjina tun kafin ya iso da ita.

Ba zan yi maka ƙarya a takardar da na sha wuya kafin in iya rubutawa ba. Ina tsoronka. Ga shi na rubuta, ban goge ba. In guduma ta yi ƙara a maƙera sai in ji na dafe goyona. In inuwar shirwa ta gilma a tsakar gida sai in duƙa. Wace uwa ce za ta ga abin da na gani ta ce ba ta tsoro? Amma akwai wani tsoron da ya danne wannan kamar yadda dutsen niƙa ke danne ƙwaya. Ina tsoron ranar da wani baƙo zai tsaya a zaure da kwarinka a hannu. Ina tsoron Sada ya girma yana tambayar kamanninka in rasa abin nuna masa sai kawunka. Ina tsoron Turai ta yi ta share wurin nan har bangon ya zube. Ina tsoron ka faɗi a wani daji kana ganin kanka dodo, ba wanda ya ce maka a'a, kai ne dai mutumin nan mai karkata sara don amarya ta yi dariya. Wayyo ƙoramata da ta ɓace cikin yashi! Wayyo kurciyata da ta ji ƙarar tsarkiya ta manta hanyar sheƙa! Ina zan tona in same ka? Da wane kira zan kira ka ka sauko? Rana tana fitowa don ta saba, ina tashi don yara na kuka, amma gidan nan tun tafiyarka kamar tukunya ce a kan murhun da ba wuta.

To, kuka bai shuka gona. Ji abin da na yi.

Tun ranar nan ruwa ya ɗauke, waɗanda suka shuka suna ta kallon gabas. Ni da Turai muka koma muka tsince geron daga cikin laka, ƙwaya-ƙwaya, muka shanya a faifai. Shi ke nan irin da ya rage mana, ka san sauran bazara ta cinye. Ƙwaryar na kai wa gyartai ya ɗinke ta, ɗinkin ya bi ta a karkace kamar tabon kafaɗarka, kuma tana riƙe iri, na gwada. Sungumin ya daɗe a inda ka yar da shi, ba wanda ya yarda ya taɓa. Na ɗauko shi da hannuna, na wanke bakinsa, na kai maƙera. Maƙeri ya ɗauka so nake a narkar da shi. Na ce a'a, ƙotar zai rage mini daidai tsayina. Ya ce, "Wa zai sara da shi?" Na ce, "Ni." Ya ce, "Wa zai bi ki da iri?" Na ce, "Mai gonar." Ya ajiye guduma ya dube ni, ya ce, "Namiji a bayan mace da ƙwarya? Hansai, Karare za ta shekara tana ba da labarinku." Na ce, "Ta yi ta bayarwa, mu ji muna cin tuwo." Ya girgiza kai, ya yanke ƙotar. Ina ta gwada hannuna a bayan gida. Saran nawa a karkace yake fita, irin naka na shekarar farko, sai dai ni ba da gangan ba.

Safiyar Asabar mai zuwa, kafin wata ya tsaya, zan fita gona. In Allah Ya saukar da ruwa kafin nan, alhamdu lillahi. In bai sauka ba mu yi binne, mu ba busasshiyar ƙasa amanar irin ta riƙe mana har hadari ya tuna da mu, ko da yake na san tururuwa na iya riga shi. Zan ajiye ƙwarya a gindin gawon bakin gona, ta wajen daji, inda za ka fito ba sai ka ratsa gari ba. Ni zan shiga gaba da sungumi. Kai ka biyo ni da iri. Duba yadda abin yake, ya sanyin idona. Ba ƙarfe a hannunka, sai ƙwarya. Ba kowa a bayanka, sai gawo da sararin Allah. Duk abin da ke motsi a gonar yana gabanka, kana kallonsa. Na roƙi Mati ya tsare bakin hanya kada wani ya ratso ta bayanka, ya ce ko akuya ba za ta wuce ba, sai dai a bar shi ya yi dariyarsa daga nesa. Kuma jerin farko ne, ba a magana. Ba sai ka nemi abin da za ka ce mini ba. Ba na son ban-haƙuri, ba na son rantsuwa. Ka jefa, ka turbuɗe, shi ke nan.

Saura magana ɗaya, ita ce mai wuya. Uwarka ta ce in bar mata Sada a gida ranar. Na juya maganar har kaina ya yi ciwo, na ce to, na koma na ce a'a, na sake cewa to. Zan goya shi. Da majanyin nan zan goya shi, na ɗinke inda ya tsage. Domin in na bar shi gida, na gaya maka da aikina abin da kake ta gaya wa kanka a rugar Yero, cewa kai ba wanda za a amince wa da ɗansa ba ne. Ɗigon tawadar nan da ka gani a gefe, tsoro ne ya ɗigar da shi, ba zan ɓoye ba. Amma zan goya shi, kuma in ya juyo da kai, kai zai gani.

Ni ba zan waiwaya ba. Zan yi bisimilla in sara har ƙarshen gona, idona a gaba. Ko ƙwaya ɗaya ba zan jefa da hannuna ba, wannan aikinka ne yanzu. In na kai ƙarshe na juyo na ga ramuka a buɗe suna kallon sama, zan ɗauki ƙwaryata in koma gida, washegari in sake fitowa, har ranar da za a ce an ga wata. Abin da zan yi bayan nan ban sani ba, kuma ba na son in sani. Kada ka bari in sani, don Allah, don darajar iyayenka, don kukan nan na Sada da ya dawo da kai cikin idanunka sau ɗaya. Wanda ya dawo sau ɗaya zai iya sake dawowa.

Ka ba ni bayanka a shekarar farko, ka ce takuna ya ishe ka. Daji ya ƙwace maka wannan, ban san ranar da zai maido ba, ba na kuma gaggawa. Ga nawa bayan na ba ka, da abin da na fi so a duniya ɗaure a kai. Zan kasa kunne kamar zomo a fili, sungumi na sauka yana tashi. In na ji diddige yana turbuɗe rami a bayana, ba zan yi guɗa ba, ba zan yi kuka ba sai mun kai ƙarshen jeri.

Ni taka ce tun lallen fari, taka ce a gaba ko a baya, taka ce har ranar da za a sara mini nawa ramin a turbuɗe. Allah Ya tsare mini kai, Ya karkato da ƙafarka gida.

Hansai, uwar Sada, mai jiran takunka.